KAUSHI A CIKIN SANTSI: TARKEN "ANAR", FAIFAN FARKO NA MDOU MOCTAR

Gabatarwa

A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan wayar salula na makonni masu yawa. Mu mazauna Potiskum mun ga yadda waya ta tashi daga abin kira ta koma tocila da agogo da akwatin ajiye waƙoƙi. Duk da haka shagunan cajin waya na unguwarmu ta Dogo Tebo ba su rasa ciniki ba, domin bulutut ba ruwansa da layi, masu tura waƙa a memori kuwa a lokacin ne ma kasuwarsu ta buɗe. A ɗaya daga cikin waɗannan shaguna ne muka fara jin waƙar da ta haifar da wannan takarda, daga wayar wani saurayi da ya rako shanu daga Nijar zuwa babbar kasuwar shanu ta garin. Da farko mun ɗauka waƙar fim ce daga Kano, saboda ga gangar na'ura tana bugu bai ɗaya, ga murya tana karkarwa kamar an zuba ta a kwalba. Sai da muka kasa kunne sosai muka ji cewa harshen ba Hausa ba ne, sannan ga wata jita tana tafiya a ƙarƙashin muryar, irin tafiyar da ba mu saba ji a waƙoƙin fim ba. Waƙar ba ta zo da suna ba, balle sunan mai ita. Bayan shekaru ne muka gane cewa daga faifan "Anar" take, wanda wani Ba'azbine mai suna Mahamadou Souleymane, da duniya ta fi sani da Mdou Moctar, ya ɗauka a Sakkwato cikin 2008.

Wannan mutum da 'yan ƙungiyarsa suna cikin makaɗan rok mai kaushi da suka fi yin fice daga nahiyar Afirka a shekarun baya-bayan nan. Manufarmu a nan ita ce mu yi tarken faifansa na farko, mu nuna cewa tushen abin da duniya ta yaba daga baya yana cikinsa, kuma kaso mai tsoka na wannan tushe daga situdiyon Bahaushe ya fito, wato daga irin kiɗan da mu manazarta muka daɗe muna yi wa kallon hadarin kaji.

Me ake nufi da kaushi?

Kafin mu shiga faifan, ya kamata mu share fage da bayanin kiɗan da ake magana a kai, ganin cewa baƙo ne a tsakanin ɗaliban adabin Hausa. Rok kiɗa ne da ya taso a Amurka cikin shekarun 1950 daga kiɗan baƙar fatar ƙasar, ya tsallaka Ingila, ya dawo da ƙarfinsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: jitar lantarki ɗaya ko biyu, da jita mai babbar murya da ake kira bes, da jerin ganguna, sai mawaƙi. Reshen da muke kira mai kaushi shi ne wanda ake ƙure wa jita wuta har na'urar ƙara sauti ta kasa ɗauka, amon ya tsage, ya riƙa fita da gurnani da ƙara. Asalin wannan amo aibi ne. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya yayyanka fatar sifikarsa domin ya sami irin wannan tsagaggen sauti. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970, injin masana'anta ne ya datse masa kan yatsu biyu a birnin Bamingham, ya yi musu hula da roba, ya sassauta tsirkiya don rage zafi, sai kiɗansa ya fito da nauyin da ba a taɓa ji ba. Ke nan a tarihin wannan kiɗa, abin da ya fara a matsayin naƙasa ko ƙarancin kayan aiki shi ne kan koma salo.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin kunnensa ya daɗe da sanin daɗin amo mai ƙura. Algaita ba santsi gare ta ba. Goge da kukuma kukansu da gurzar izga yake tafiya. Mai garaya da mai kuntigi da gangan suke ɗaura 'yan ƙarafuna a kan abin kiɗansu domin kowane bugu ya zo da kacau-kacau. Haka kuma matsayin da al'umma ta ba mai goge, na ɗan bariki wanda ake jin daɗin kiɗansa a ɓoye a zage shi a sarari, bai yi nisa da matsayin makaɗan rok a idon iyayen Turawa ba.

Faifan farko da aka fi buga misali da shi a wannan fage shi ne "Appetite for Destruction" na ƙungiyar Guns N' Roses, wanda kamfanin Geffen ya fitar ranar 21 ga Yulin 1987. Samari biyar ne 'yan zaman kashe wando a Los Anjalis suka zuba rayuwarsu ta shaye-shaye da kwanan titi a cikinsa ba tare da sakaya ba. Ya shafe kusan shekara yana jan ƙafa kafin ya hau saman jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka cikin 1988, kuma a ƙasar kaɗai an tabbatar da sayar da kwafi miliyan 18. Da wannan ma'auni na ciniki ake auna tasirinsa. Mun kawo shi ne domin mai karatu ya riƙe shi a zuciya, saboda faifan da za mu duba ba a sayar da shi ta wannan hanya ba sam, amma ya yi tafiyar da ta kai mai shi har dandamalin da irin su Guns N' Roses suke hawa.

Hanyar da ta kai shi Sakkwato

Mdou Moctar ɗan ƙasar Azawak ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wato yankin Abalak da Cintabaraden. Ya tashi a gidan da ba a yarda da kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Bahago ne, kamar Iommi da Jimi Hendrix. Wanda ya fara sa masa sha'awar jita shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan makaɗan jita na Azbinawan Nijar. Salon da ya gada kuwa shi ne wanda ƙungiyar Tinariwen ta assasa tun ƙarshen shekarun 1970 a tsakanin samarin Azbinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. Kiɗa ne na bege da kewar gida da kiran tawaye, kuma a kaset yake yawo hannu zuwa hannu, domin a zamanin tawayen shekarun 1990 mallakarsa ma kan jawo wa mutum fitina.

Wanda ya san taswira ba zai tambayi dalilin zaɓen Sakkwato ba. Daga Tawa hanya ta miƙe zuwa Birnin Ƙonni, a tsallaka Illela, sai birnin Shehu. Hausa ce harshen ciniki a duk tsawon wannan hanya, kuma finafinan Hausa da waƙoƙinsu sun riga sun mamaye kasuwannin Nijar tun bayan fitowar irin su "Sangaya" a farkon wannan ƙarni. A situdiyon da ke hidimar wannan kasuwa babu ganga ta fata, babu 'yan amshi goma. Akwai fiyano samfurin Yamaha, da kwamfuta, da makirfo ɗaya, da manhajar Auto-Tune. Ita wannan manhaja an ƙirƙiro ta a Amurka cikin 1997 domin ta gyara wa mawaƙi murya a ɓoye idan ya kauce wa kari, amma idan aka ƙure ta sai ta riƙa fizgar murya daga mataki zuwa mataki ba tare da gangara ba, ta mai da ita kamar ta ƙarfe. Masu situdiyon Hausa ƙure ta suka yi, kamar yadda makaɗan rok suka ƙure wa jita wuta. A nan ma, abin da aka yi don ɓoye aibi shi ne ya zama ado.

Cikin wannan ɗaki ne Ba'azbine ya shiga da jitarsa ta katako.

Faifan kansa

Abu na farko da kunne ke tsinta a "Anar" shi ne karo tsakanin abubuwa uku da ba su saba zama wuri ɗaya ba. Na ɗaya gangar na'ura, wadda ba ta gajiya, ba ta sauri, ba ta jinkiri. Na biyu jita, wadda yatsun mutum ke kaɗawa, tana jan kari tana sakinsa. Na uku murya, wadda ta mutum ce amma na'ura ta riƙe mata wuya. Daɗin faifan da aibinsa duka daga wannan karo suke fitowa.

Mu fara da jitar, domin ita ce jarin mai faifan. Makaɗin jita na Turai yakan tafi ne da sauyin damin tsirkiya, ya tashi daga wannan dami zuwa wancan, waƙa ta riƙa hawa da sauka a kansu. Makaɗin Azbin ba haka yake yi ba. Yakan kafa tsirkiya ɗaya mai kauri ta riƙa kuka bai ɗaya da babban yatsa, sauran yatsu kuma su riƙa zagaya 'yan muryoyi biyar a sama, suna dukan tsirkiya da sakinta cikin sauri har amon ya zama kamar guɗa. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai molo ko mai gurmi ya san wannan tsari, domin Haruna Uji ma haka yake riƙe uwar kiɗa da yatsa ɗaya yana yi mata ado da sauran. Su Azbinawa daga nasu molon mai tsirkiya uku, wato tehardent, da gogensu na mata da ake kira imzad, suka kwaso wannan hannu suka ɗora a kan jita. A "Anar" ana jin hannun Mdou ya riga ya nuna. Jimlolinsa gajeru ne, yakan maimaita su har sai sun zauna a kunne, sannan ya karkata ɗaya kaɗan yadda mai sauraro zai farga. Saurin yatsun da ya zama tambarinsa daga baya yana nan, sai dai a daddaure, kamar doki a turke.

Ganga ita ce turken. A bikin Azbinawa, mai ƙwarya ko mai turmin tende yakan bi makaɗi, idan taro ya yi zafi kiɗa ya ƙara wuta, tafi ya ƙaru. Na'ura ba ta san taro ba. Saboda haka kowace waƙa a faifan da zafin da ta fara da shi take ƙarewa, kuma wanda ya saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya zai ji waƙoƙin suna shiga cikin juna har ya kasa rarrabewa. Wannan aibi ne, ba kuwa ƙarami ba, kuma aibin da waƙoƙin finafinanmu na wancan zamani suka yi tarayya a kansa ne. Amma adalci ya sa mu faɗi abin da turken ya haifar. Da yake ganga ba za ta motsa ba, dole duk wani motsi ya fito daga jita, sai makaɗin ya koyi yin wasa da gaban bugu da bayansa, ya riga shi kaɗan a nan, ya makara kaɗan a can. Wannan ja-in-ja tsakanin bugun da ba ya lanƙwasa da yatsun da ke neman kuɓucewa shi ne ginshiƙin kiɗan ƙungiyarsa har a faya-fayan da ta yi da ganguna na gaske.

Sai murya, wadda a kanta ne ra'ayi ya fi rabuwa. Masu son kiɗan Azbin tsantsa suna ganin Auto-Tune ta ɓata shi, ta shafe 'yan lanƙwashe-lanƙwashen maƙogwaro da mawaƙin hamada ke tinƙaho da su. Mu ba mu tafi a kan haka gaba ɗaya ba. Gaskiya ne na'urar ta daddatse gangarar murya, amma da yake waƙar Azbin cike take da irin wannan gangara, sai na'urar ta riƙa tuntuɓe a kanta, tana fizga tana saki, abin ya zama wata karkarwa da ta yi daidai da guɗar jitar. A waƙar "Tahoultine", wadda ta fi kowace yawo, murya da jita kamar tagwaye suke, har wani lokaci mutum ya rasa wace ce ke bin wata. Mafi yawan waƙoƙin faifan na soyayya ne da bege. Muryar da na'ura ta nisanta daga mai ita, ta mai da ita kamar mai kira daga ƙasan rijiya, ta dace da wannan jigo fiye da yadda lafiyayyar murya za ta dace. Galibin Hausawan da suka ɗauki waɗannan waƙoƙi a wayoyinsu ba sa jin Tamashek, amma ba wanda ya bukaci tafinta kafin ya gane cewa mai waƙar nan wani abu ya rasa.

To ina kaushin yake, tunda babu jitar lantarki mai gurnani? Yana cikin ɗaukar kanta. Sautin faifan siriri ne, babu faɗi, babu zurfi, ganga kamar ana buga gwangwani. An yi shi da kuɗi kaɗan, cikin lokaci kaɗan, kuma abin da ya fi muhimmanci, ya dace da 'yar sifikar wayar hannu, wadda ba ta iya fitar da babbar murya ko da an saka. Duk lokacin da aka matse waƙa domin ta shiga ƙaramin memori sai ta ƙara zubar da wani abu, ta ƙara tsatsa. A irin wannan tsatsa muka ji ta a Dogo Tebo, ga ƙarar janareta, ga tireloli suna wucewa a titi. Ba mu jin cewa wanda ya fara sauraren faifan a falo mai sanyi da manyan sifiku ya ji abin da aka yi shi dominsa.

Tasirin da ba a iya ƙirgawa

Ba kamfanin da ya fitar da "Anar" a 2008. Babu bango, babu hoto, babu kanti. Ya bazu ne ta hanyar da kaset ɗin Tinariwen suka bi a da, sai dai yanzu bulutut da memori suka maye gurbin rikoda mai baki biyu. Direbobi da fatake da 'yan ci-rani su ne dillalansa, kuma ko sisi ba ta koma aljihun mai shi ta wannan hanya ba. A nan ne ma'aunin da aka auna "Appetite for Destruction" da shi ya karye, domin ba wanda zai iya cewa ga yawan wayoyin da waƙar ta kwana a ciki.

Abin da za a iya bi shi ne sawunta. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali, ya ci karo da "Tahoultine" a can, nesa ƙwarai da inda aka ɗauke ta. Ya saka ta cikin tarin da ya kira "Music from Saharan Cellphones", wanda kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya bi diddigi har ya gano mai ita. Daga nan abubuwa suka bi juna. A 2013 aka fitar da "Afelan", wanda aka ɗauka a Cintabaraden, inda aka fara jin jitarsa ta lantarki a filin biki da tsagaggen amonta. A 2014 aka buga "Anar" a faifan garmaho, shekara shida bayan ɗaukarsa. A 2015 ya fito a matsayin jarumin fim ɗin "Akounak Tedalat Taha Tazoughai" da aka shirya a Agadas cikin harshen Tamashek, bisa tsarin fim ɗin "Purple Rain" na mawaƙi Prince. Wani abin lura shi ne labarin fim ɗin da kansa ya ginu a kan gasar makaɗa da satar waƙa ta wayar salula.

Sai a 2019 ne ƙungiyar ta fito a cikakkiyar siffarta da faifan "Ilana: The Creator", wanda aka ɗauka a birnin Detroit na Amurka, tare da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Mikey Coltun a bes, da Aboubacar Mazawadje a ganguna. Wanda ke son ya yi jayayya da mu zai ce wannan ne faifan farko na ƙungiyar rok, "Anar" kuwa aikin mutum ɗaya ne da na'ura. Ta fuskar ƙidaya yana da gaskiya. A "Ilana" ne dokin ya tsinke turke. A waƙar "Tarhatazed" jitar takan yi ta hawa na mintuna, tana kururuwa, yatsu suna dukan wuyanta irin yadda Eddie Van Halen ya shahara da yi, ganguna kuma suna ƙara wuta har numfashi ya ɗauke. Jigo ma ya faɗaɗa, ya tashi daga begen masoyiya zuwa kukan al'umma, musamman kan yadda Faransa ta daɗe tana kwasar yuraniyom a Arlit tun farkon shekarun 1970 alhali mutanen yankin suna zaune cikin duhu. Wannan jigo ne ya ci gaba a "Afrique Victime" na 2021 da "Funeral for Justice" na 2024, waɗanda kamfanin Matador ya fitar.

Amma a saurari "Ilana" da kunnen da ya san "Anar", za a ji tsohon gini a ƙarƙashin sabon fenti. Madassane yana riƙe da kari ɗaya ba ya sakinsa, kamar yadda na'urar Sakkwato ta riƙe. Muryar Mdou har yanzu ba ta fito gaba ta yi ihu irin na Axl Rose ba, tana can baya a lulluɓe da amsa-kuwwa, tana bin jita. A rok na Turawa mawaƙi ne sarki, jita ce waziri. A wannan ƙungiya an juya lamarin, kuma a faifan 2008 aka fara juya shi. Idan za mu faɗi son ranmu, akwai ma abin da "Ilana" ya rasa. Ƙarfinsa ya yi yawa har ya danne kaɗaicin da ke cikin faifan farko, inda ake jin mutum ɗaya tilo a baƙon gari yana faɗa wa na'ura damuwarsa.

Inda Sakkwato ta ɓace

Jaridun Turai da Amurka sun fi son su kira Mdou Moctar da Hendrix na Sahara. Laƙabi ne mai daɗin faɗa, amma yana tsallake zango. Yana nuna kamar hanya ta miƙe ne daga rairayin hamada zuwa dandamalin Amurka, raƙumi a wannan gefe, jitar lantarki a wancan. Sakkwato takan samu jimla ɗaya a irin waɗannan rubuce-rubuce, sau da yawa a matsayin abin al'ajabi, wai ga gwanin jita ya taɓa yin waƙa da muryar na'ura. Ba mu ga laifinsu sosai ba. Bature ba ya jin waƙar fim ɗin Hausa, saboda haka ba zai gane ta ba idan ta sake riga.

Namu laifin ya fi girma. A daidai shekarun da aka ɗauki wannan faifai, wato 2007 zuwa 2009, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana tsananta wa masu fim da mawaƙa, har wasu suka kwana a gidan yari, wasu suka yi ƙaura zuwa Kaduna. A jami'o'i kuwa kalmar da aka fi jifan wannan kiɗa da ita ita ce nanaye, ko a ce kiɗan fiyano, ana yi ana taɓe baki. In ban da 'yan kaɗan irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da suka ɗauke shi abin nazari, yawancinmu mun tsaya ne a kan cewa kwaikwayon Indiya ne, mun rufe littafi. Muna cikin wannan taɓe baki wani baƙo ya zo ya ɗebi abin da ke ciki, ya haɗa da gadon gidansu, ya fita da shi duniya.

Dalilin wannan makanta, a ganinmu, yana cikin kayan aikinmu. Gadon feɗe waƙa da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana ya koya mana bin jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe, kuma ya yi mana amfani matuƙa a kan rubutacciyar waƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a "Jagoran Nazarin Waƙar Baka" na 1993, ya buɗe ƙofa ga kiɗa da rauji da amshi. Amma a aikace, ɗalibi yakan juyi waƙa daga kaset zuwa takarda, ya jera ɗiyanta, ya ambaci sunan abin kiɗa a layi ɗaya, shi ke nan ya koma kan kalmomi. Waƙar da aka yi wa haka ta zama gawa kafin a fara feɗe ta. Idan aka bi da "Anar" ta wannan hanya ba abin da zai rage a hannun Bahaushe, tunda kalmomin ba nasa ba ne. Rabonsa yana cikin amo: yadda aka saita ganga, yadda aka ƙure manhaja, yadda aka matse sauti domin waya. Ba mu da kalmomin tarke da za su kama waɗannan abubuwa, har ma a wannan takarda mai karatu ya ga yadda muka yi ta aron turke da rijiya da gwangwani domin mu kwatanta abin da kunne ya ji.

Akwai kuma mutumin da ya fi kowa asara a wannan labari, wato wanda ya zauna gaban kwamfuta a Sakkwato ya haɗa kiɗan. A faifan Guns N' Roses an rubuta sunan Mike Clink a bango a matsayin wanda ya tsara ɗaukar, kuma duk mai nazarin faifan sai ya ambace shi. A al'adar situdiyonmu mai haɗa kiɗa ɗan ƙwadago ne, a biya shi kuɗin zama ya tashi, sai fa in mawaƙi ya ga dama ya jefa sunansa a ƙarshen waƙa. Irinsa suna nan da yawa a Sakkwato da Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi, wasu sun bar sana'ar, kwamfutocin da suka yi aiki da su sun mutu da abin da ke cikinsu. Shagon da muka fara jin waƙar a Dogo Tebo ma ya daina tura waƙa a memori tun da samari suka koma saukar da ita daga intanet da kansu, yanzu gilashin waya da caja yake sayarwa.